Yadda Zanzaro Ya Yaɓe Bashinsa

"To, kowa ya gyara zama. Sabitu, sauke ƙafarka daga kan tabarmata. Ga ta nan tafe, ga ta nanku!"

"Ta ƙaraso mu ji ta, Kawu!"

A wani gari da ke bayan wani gari, an yi wata Bushiya mai tuyar waina. Gwauruwa ce, ba ɗa ba jika. Abin da ta mallaka duk duniya zaure ɗaya ne da tanda ɗaya mai ido bakwai, wadda ta gada wurin uwarta. Tandar nan ta yi baƙi ƙirin don tsufa, amma wainar da ke fitowa cikinta, in ka ci ɗaya sai ka lashe hannu har gwiwa.

To, Bushiyar nan ba ta yarda da kowa ba. In ka gaishe ta sau ɗaya, ta amsa. In ka gaishe ta sau biyu, sai ta jawo kwanon kuɗinta kusa. Kullum da safe sai ta ƙirga ƙayoyin bayanta, ko wani ya zare ɗaya ya yi sakace.

Ba ta iya rubutu ba, amma tana da dabararta. In ka ci waina ba ka biya ba, sai ta shiga zaure, ta sa ƙaya ta ja zane ɗaya a bango, ta ciki. Zane ɗaya, karin kumallo ɗaya, wuri goma. Kowane mai cin bashi da layinsa. Ran da ka biya, sai ta sa ruwa ta murje naka a gabanka. Duk garin an san bangon nan, kuma ba a musu da shi.

Sai ga Zanzaro magini. A zamanin nan Zanzaro ƙato ne, ƙugunsa kamar turmi, ba irin na yanzu ba. Ga shi da zaƙin baki. Sai ya zo ya durƙusa ya ce, "Inna, ina kwana? Ina gajiya? Ina hayaƙi?"

Sai Bushiya ta jawo kwanon kuɗi kusa, ta ce, "Lafiya. Na nawa?"

Ya ce, "Na goma, Inna. Amma gidan Madugu nake ginawa, sai ƙarshen aiki ake biyana."

Sai ta dube shi sama da ƙasa. Ta ga laka har wuyansa, ta ce a ranta wannan dai mai sana'a ne. Sai ta zuba masa, ta shiga ta ja zane. Washegari ya dawo, ta ja zane. Jibi ya dawo, ta ja zane. Layin Zanzaro ya yi ta tafiya kamar jerin tururuwa, har ya kai zane talatin.

Sai ta ce, "Magini, kuɗina."

Ya ce, "Inna, sai an gama katanga."

Layi ya kai sittin. Ta ce, "Magini, kuɗina."

Ya ce, "Inna, sai an ɗora rufi."

Layi ya kai tamanin da bakwai. Ta ce, "Magini, na ga Madugu ya tare, har hayaƙi na tashi a gidan. Kuɗina."

Ya ce, "Haba Inna! Ni da ke? Ki ba ni kwana biyu."

To, ita ma Bushiya shinkafar da take ƙullu da ita bashi take ɗauka wurin Gafiya, mai rumfa a kasuwa. Ran nan ta tafi ɗauko mudu biyu, sai Gafiya ta rufe buhu ta zauna a kai.

Ta ce, "Ƙawata, wuri ɗari tara nake binki. Larabar nan mai zuwa, in kasuwa ta watse ban ga kuɗina ba, zan zo da kaina in ɗauki tandar nan. Akwai mai so."

Bushiya ta ce, "Tandar uwata?"

Gafiya ta ce, "Ni ma shinkafar ba ta uwarki ba ce."

Sai Bushiya ta juyo gida. In tanda ta tafi, waina ta tafi. In waina ta tafi, sai bara. Tana tafe tana lissafi: in Zanzaro ya biya nasa, sauran suka kawo 'yan nasu, ta tsira.

Tana isa ƙofar zaure sai ta ji warin ɗanyar laka. Ta leƙa. Sai ga Zanzaro tsaye yana wanke hannu, gumi na zuba. Bangon nan kuwa, daga sama har ƙasa, ya sha sabon yaɓe sumul, kamar bayan ƙwai. Ba zane ko ɗaya.

Ta ce, "Me ke nan?"

Ya ce, "Alheri, Inna. Na ga damina ta kusa, na ce bari in gyara wa tsohuwa bangonta kada ruwa ya cinye."

Ta ce, "Ruwa a cikin zaure? Na waje da ke zubewa ba ka gan shi ba?"

Ya ce, "Daga ciki ake farawa, Inna. Ke dai ba maginiya ba ce."

Ta ce, "To na gode. Kuɗina, wuri ɗari takwas da saba'in."

Sai ya waiga hagu, ya waiga dama, ya ce, "Waɗanne kuɗi?"

Sai Bushiya ta ɗaura gyale, ta nufi gaban alƙali.

Alƙalin garin Malam Hawainiya ne.

"Kawu, hawainiya ai mace ce!"

Ke Rakiya, kina tsammanin ba su da maza? To wa ke biyan sadakinsu? Yi shiru ki ji.

An ba Malam Hawainiya alƙalanci ne saboda idanunsa. Ɗaya yana kan mai ƙara, ɗaya yana kan wanda ake ƙara, kuma duk biyun ba su yarda da abin da suke gani ba. Masinjansa Ƙadangare ne. Shi kuma kome ka faɗa masa sai ya gyaɗa kai, har ba ka sanin ko naka ne ko na wancan.

Bushiya ta durƙusa ta kai ƙara. Aka rubuta sammaci aka ba Ƙadangare. Sai ta bi bayansa daga nesa, tana laɓewa a bayan katanga, don ta ga ko Zanzaro zai damƙa masa wani abu a hannu. Ba ta ga kome ba. Sai ta ce a ranta, "Lalle sun ƙware."

Ran Lahadi aka zauna. Zanzaro ya zo da babbar riga, yana jan carbi.

Alƙali ya ce, "Kai Zanzaro, ta ce ka ci wainarta safiya tamanin da bakwai ba ka biya ba."

Zanzaro ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ni waina ma ba ta karɓe ni ba. Ƙwannafi take sa ni."

Ƙadangare ya gyaɗa kai.

Bushiya ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ƙarya yake! Har da ƙarin yaji yake nema!"

Ƙadangare ya gyaɗa kai.

Alƙali ya ce, "Ke kika kawo ƙara, ke za ki kawo shaida. Wa ya gani?"

Ta ce, "Bangona."

Ya ce, "A shigo da shi."

Ta ce, "Ba ya ɗaukuwa. Kuma wannan mutumin ya yaɓe shi. Malam ya zo ya gani da idonsa."

Sai idon alƙali na hagu ya juya kan Zanzaro. Zanzaro ya ce, "Yaɓe kam na yi mata, don Allah, ban karɓi ko wuri ba. Ga sakayyata."

Sai idon dama ya juya kan Bushiya. Alƙali ya ce, "Kotu ba ta taka ƙafa waje sai kan abu biyu: rigimar iyakar gona, da rigimar aikin gini. Rigimar waina a nan ake yin ta. Ki kawo shaidu biyu masu numfashi ran Laraba da safe. In babu, ya rantse ya kama gabansa."

Laraba! Ranar da Gafiya za ta zo ɗaukar tanda.

Sai Bushiya ta fita neman shaidu. Ta fara da Ƙuda, don ba safiyar da ba ya kan faifanta.

Ta ce, "Ƙuda, kai dai ka ga Zanzaro yana cin wainata."

Ƙuda ya murza hannuwa ya ce, "Inna, idanuna sun yi yawa. Abu ɗaya sai in gan shi ɗari. Ban iya rantsuwa."

Ta wuce wurin Gyare. Ta ce, "Gyare, kai ka ji ina tambayarsa kuɗina har sau uku."

Gyare ya ce, "Inna, ni da nake ihu kullum, me zan ji? Kunnena ya daɗe da mutuwa."

Ta wuce wurin Buzuzu, ta same shi yana tura kayansa da baya. Ta ce, "Buzuzu, kusa da kai yake zama."

Buzuzu ya ce, "Inna, ni kullum baya nake ba mutane. Ban san fuskar kowa ba."

Sai ta tsaya tsakar hanya. Can sai ta ce, "Af!" Ashe Ƙuda na da zane biyar a bangon nan. Gyare na da tara. Buzuzu na da goma sha biyu. Zanzaro bai rufe nasa kaɗai ba, na kowa ya rufe. Ya sayi bakin gari duka da lakar kwando uku. Shi ya sa tun shekaranjiya kowa ke gaishe ta sau biyu.

Ta koma gida, ta shiga zaure, ta dubi tandarta, sai hawaye. Ta dunƙule ta jingina da bango. Ƙayoyinta suka taɓa sabon yaɓe, sai ta ji "ƙwal."

Ta saki jiki. Ta ƙwanƙwasa da yatsa: ƙwal, ƙwal, kamar ƙwaryar da ba kome a ciki. Ta fita ta ƙwanƙwasa tsohon bango na waje: dim, dim.

Ku da ba ku taɓa gini ba, bari in gaya muku. In za a yi wa tsohon bango yaɓe, sai an kankare shi tukuna, a yayyafa masa ruwa ya sha, sannan sabuwar laka ta kama. To, Zanzaro sauri yake kada ta dawo daga kasuwa ta same shi. Bai kankare ba, bai jiƙa ba. Ya dai maka laka a kan busasshen bango. Yaɓen ya bushe ya tsaya da kansa kamar murfi, zanen na nan a ƙarƙashi yana barci.

Bushiya ta ɗauko muciya za ta ɓamɓare. Har ta ɗaga, sai ta tsaya. Ta ce, "A'a. In na buɗe ni kaɗai, za su ce jiya na zana. Sai a gaban alƙali." To amma alƙali ba ya fita kan waina. Sai kan gini.

Ta zauna ta yi tunani har wutar murhu ta mutu. Sai ta ga Ƙuda ya sauka a bakin faifai yana sanɗa. Sai ta yi kamar ba ta gan shi ba, ta shiga magana ita kaɗai.

Ta ce, "Wayyo ni. Bashi dai ya tafi. Allah ya sa kada Zanzaro ya tuna ya nemi ladan yaɓensa. Aiki mai kyau haka ai ya kai wuri ɗari biyar. In ya nema a gaban alƙali, dole in tono 'yar tukunyar da na binne. Allah ya sa kada kowa ya gaya masa."

Kafin ta rufe baki, Ƙuda ya yi sama, sai wurin Zanzaro.

Laraba ta zo. Kotu ta cika, har da Ƙuda da Gyare da Buzuzu a baya, sun zo kallo.

Alƙali ya ce, "Ina shaidu?"

Bushiya ta sunkuyar da kai ta ce, "Babu."

Alƙali ya ce, "To Zanzaro, matso ka rantse."

Zanzaro ya gyara riga ya ce, "Allah ya gafarta Malam, kafin nan, ni ma ina da ƙara. Ina bin matar nan ladan yaɓe, wuri ɗari biyar."

Idon alƙali na hagu ya tsaya cak. Ya ce, "Ba kai ka ce don Allah ka yi ba?"

Ya ce, "Da farko don Allah ne. Da ta kawo ni kotu na fasa."

Ƙadangare ya gyaɗa kai.

Alƙali ya ce, "Ke fa, me kika ce?"

Bushiya ta ce, "Na yarda, Malam. In aiki ya yi, zan biya. Amma a garin nan ba a biyan magini sai an ƙwanƙwasa aikinsa an ji."

Alƙali ya ce, "Haka ne. Wannan kuma rigimar gini ce." Sai ya juyo da idanu biyun duka kan Zanzaro, abin da bai saba yi ba. Ya ce, "Magini, ka kankare bangon kafin ka yaɓa?"

"Tas, Malam."

"Ka jiƙa shi?"

"Har ya ƙoshi."

"Da kake kankarewa, ka ga wani zane?"

"Ko ɗaya. Bango ne fili, kamar goshin jariri."

Alƙali ya ce, "Madalla. A ɗauko mini sandata."

Nan fa Zanzaro ya tuna irin aikin da ya yi. Sai ya ce, "Malam, bari in yi gaba in share muku wurin zama."

Alƙali ya ce, "Wurin zama bai dame ni ba. Ƙadangare, ɗaura masa zare a ƙugu ka riƙe. Ita ma ta bi ta gefena, kada ta riga mu. Ban yarda da ko ɗayanku ba."

Aka ɗaura wa Zanzaro zare. Aka kama hanya.

To, kun san tafiyar hawainiya. Ya ɗaga ƙafa. Ya tsaya. Ya yi kamar zai ajiye, ya fasa. Ya duba ƙasa da ido ɗaya ko an haƙa masa rami. Sannan ya taka. Gidan Bushiya kuwa ga shi nan bayan kotu, in ka yi tari a nan ana ji a can.

Hantsi ya yi, suna bakin ƙofar kotu. Zanzaro ya ce, "Malam, fitsari." Ya yi fir zai tashi, Ƙadangare ya ja zare. Zare ya shige ƙugu.

Azahar ta yi, suna gindin tsamiya. Zanzaro ya ce, "Malam, na bar wuta a ɗaki." Ya yi fir, Ƙadangare ya ja. Zare ya ƙara shigewa.

Rana ta karkata, sun hango zaure. Zanzaro ya ce, "Malam, na yafe mata ladan! Wallahi na yafe! Mu koma!" Ya yi fir da dukan ƙarfinsa, Ƙadangare ya turje ya ja. Ƙugun nan mai kamar turmi ya koma kamar tsinken tsintsiya.

Alƙali ya ce, "Ka yafe, ni ban yafe tafiyata ba."

Ita kuwa Bushiya ba ta kallon kowa sai rana. Tana jin hayaniyar kasuwa na raguwa. Tana so ta ce Malam ya ɗaga ƙafa, tana tsoron ya ce ta raina kotu ya koma da baya.

Da la'asar suka iso. Sai ga Gafiya a ƙofar zaure, ta riga ta naɗe gammo, tanda na kanta.

Bushiya ta ce, "Sauke! Kasuwa ba ta gama watsewa ba, ga mai gishiri can bai kwashe ba!"

Gafiya ta ga alƙali, sai ta sauke, amma ba ta ɗauke hannunta daga kai ba.

Aka shiga zaure. Gari duka ya taru a ƙofa. Alƙali ya ɗaga sanda a hankali, a hankali, ya taɓa bango. Ƙwal. Ya sake. Ƙwal. Ya yi na uku da ɗan ƙarfi, sai yaɓen nan ya saki, ya faɗo falle-falle, rigijib!

Ƙura ta lafa. Ga zane nan reras, layi-layi, ko ɗaya bai goge ba. Ƙadangare ya juya wani falle, sai ga zanen ya fito a bayan lakar ma, tudu-tudu, don ɗanyar laka ta shiga kowane rami ta ɗauko siffarsa.

Bushiya ta ce, "Malam ya gani! Bangona ya faɗa, lakarsa ma ta faɗa!"

Alƙali ya ce, "Na ga magini ya yi ƙarya, kuma aikinsa bai ci ko wuri ba. Na ga zanen ya riga yaɓe. Amma zane ba shi da suna. Wa ya ce mini dogon layin nan nasa ne? Har yanzu shaidu biyu nake jira."

Zanzaro ya ji haka, sai ya ɗan miƙe, ya ce, "Gaskiya ne, Malam. Wata ƙila na wani baƙo ne."

Alƙali ya aika ido ɗaya cikin taro. Ya ce, "Wannan gajeren, mai biyar, na wa?"

Shiru.

Ya ce, "Ba mai shi? To mai tara fa? Mai goma sha biyu?"

Kowa na satar kallon na kusa da shi.

Alƙali ya ce, "To shi ke nan. Waina dai an ci, kuma a garin nan aka ci ta. Tunda layukan ba masu su, zan haɗa su duka, da dogon da gajerun, in raba daidai a kan duk wanda aka taɓa gani a bakin tandar nan. Ƙadangare, fara kamo mini su."

Ƙuda ya yi lissafi da sauri, ya ga biyar ɗinsa za ta koma kusan talatin. Sai ya yi tsalle ya ce, "Allah ya gafarta Malam, idona ya washe! Mai biyar nawa ne! Dogon nan na Zanzaro ne, a gabana aka ja kowane!"

Gyare ya ce, "Kunnena ya buɗe! Mai tara nawa! Na ji tana tambayarsa, ya ce sai an ɗora rufi!"

Buzuzu ya juyo da fuskarsa, karo na farko a rayuwarsa, ya ce, "Goma sha biyu nawa. Shi ne nan, har nawa yajin yake lasa."

Alƙali ya ce, "Biyu na nema, na samu uku. Ƙirga."

Ƙadangare ya ƙirga, yana gyaɗa kai kan kowane zane, har tamanin da bakwai. Aka ce tun ran nan wuyansa bai koma daidai ba.

Zanzaro ya faɗi ƙasa ya ce, "Na ci, Malam. Amma ba ni da ko wuri. Madugu bai biya ni ba. A ba ni zuwa kaka."

Gafiya ta fara gyara gammo.

Sai Bushiya ta ce, "Malam, wanda ya ɓoye bashi da laka, da me zai ɓoye kuɗi?"

Alƙali ya ce, "Ƙadangare, je ka ɗakinsa. Duk abin da ka ga an liƙe da laka, ƙwanƙwasa."

Ƙadangare ya ruga. Ya duba ƙarƙashin gado, babu. Ya duba randa, babu. Ya ɗaga kai, sai ga 'yan tukwane na laka jere a jikin azara, kowace an toshe bakinta. Ya ƙwanƙwasa ɗaya, ta ce caras. Ya fasa, sai wuri ya zubo kamar ƙanƙara. Ladan ginin Madugu ne cif, tun wata guda da ya wuce.

Aka kawo. Aka ƙirga wa Bushiya ɗari takwas da saba'in. Ƙuda da Gyare da Buzuzu suka kwance bakin zani da aljihu suka biya nasu, suna harare-harare. Kotu ta cire ushirarta, ɗaya cikin goma. Bushiya ta ƙirga abin da aka cire sau biyu, a gaban alƙali, ba kunya. Sannan ta ƙirga wa Gafiya ɗari tara, ta ce, "Ɗauke hannunki daga kan tandar uwata."

Gafiya ta ɗauke, ta yi murmushi ta ce, "Haba ƙawata, wasa nake. Gobe mudu nawa za a kawo?"

Abin da ya rage wa Bushiya bai fi na man gyaɗa da ɗan itace ba. Amma washegari da hantsi tanda ta hau wuta, tana cuwa-cuwa.

Sai ga alƙali, ashe tun jiya yake hanyar komawa, bai wuce ƙofar zauren ba. Ƙanshi ya tsayar da shi. Ya ce, "Baiwar Allah, zuba mini na goma. Na baro jakata a kotu."

Bushiya ta dube shi. Ya dube ta da ido ɗaya. Sai ta zuba masa. Sannan ta shiga zaure, ta zaro ƙaya, ta ja zane mai zurfi, ta leƙo ta ce, "Ƙuda! Gyare! Ku zo ku gani da idonku!"

Shi ya sa har yau ƙugun zanzaro yake kamar zare, kuma duk bangon da ya samu sai ya liƙa masa laka, ko Allah zai sa wannan karon ta kama. In kun fasa 'yar tukunyarsa ba za ku sami wuri ba, sai tsutsa, don kuɗin an kwashe tun ran nan. Ita kuma bushiya, in ka nufo ta da fara'a sai ta dunƙule, tana zaton na goma za ka ce.

Ƙurunƙus! Ga kan ƙusu nan na dire muku, mai so ya ɗauka.

Abin da za ku riƙe: in kun ci na mutane, ku biya tun ana tambayarku da murmushi. In kuma wanda kuke bi ya zo yana muku alherin da ba ku roƙa ba, ku gode masa, sannan ku ƙwanƙwasa ku ji.

"Kawu, ƙara mana wata!"

Sai an biya ta farko. Sabitu, gyaɗata da ka ɗiba shekaranjiya ka ce za ka kawo, tana nan na zana ta a bayan ƙofa. Kuma ɗazu na ga ka shigo da laka a hannu. Zauna nan inda nake ganinka.